M340i a ƙasar ƙanƙara: in sauka zuwa rim 18 ko in zauna a 19?

Abban Sadiƙ

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa tuƙi a ƙasar ƙanƙara. Yanzu haka ina Kano, na zo bikin ƙanwata a Gwammaja, amma a ƙarshen Nuwamba zan koma Montiriyal ta ƙasar Kanada inda nake aiki, kuma dokar lardin Kebek ta wajabta tayoyin sanyi daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A watan Yuni na sayi BMW M340i ƙirar 2020 ta hannu, ta zo da rim 19, gaba 225/40, baya 255/35, kuma duka tayoyin bazara ne. Ko dai in sayi tayoyin sanyi masu wannan girman in riƙa cirewa ina mayarwa a kan rim ɗin da nake da shi sau biyu a shekara, ko kuwa in sayi wasu rim 18 guda huɗu in sa musu 225/45 gaba da baya. Wani shago ya yi mini kuɗin na biyun dalar Kanada 2,900 har da na'urar auna iska. Abin da nake tsoro shi ne kada rim 18 ya ƙi wucewa ta kan birkin gaba, domin birkin motar babba ne. Maiɗakina ma da ita take kai yara makaranta, shi ya sa ba na son gwaji.

Alhaji Ɗanlami Mai Motoci

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya sanya alheri a motar. Shekara ashirin ina saye da sayar da mota, ban taɓa ganin wanda ya rage wa babbar mota rim ya ci riba ba. Mai saye rim yake fara kallo kafin ya buɗe inji. Idan da ni ne, 20 zan sa mata.

Injiniya Habibu

Alhaji, da girmamawa, bai ce zai sayar ba, kuma rim 19 ɗinsa suna nan a ajiye har ranar da zai sayar. Malam Abban Sadiƙ, na yi shekara shida a Jamus, kuma abin da akasarin masu irin motarka suke yi shi ne abin da shagon ya gaya maka. A lambobin girman taya, ta farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu tsayin gefenta ne bisa ɗari na faɗin, ta uku kuma girman rim ne a inci. Idan ka lissafa, tsayin 225/40 a kan rim 19 ya kai kusan milimita 663, na 225/45 a kan rim 18 kuma kusan 660 ne, wato bambancin bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, saboda haka mitar gudu ba za ta yi maka ƙarya ba. Ribar tana cikin gefen tayar, wanda zai tashi daga milimita 90 zuwa 101. Wannan ƙarin naman shi ne yake shiga tsakanin rim da bakin rami, kuma titunan ƙasashen sanyi suna farfashewa a ƙarshen hunturu, domin ruwa yana shiga tsagar kwalta ya daskare ya buɗe ta. Sannan siririyar taya ta fi nutsewa cikin dusar ƙanƙara ta kama ƙasa, yayin da 255 take son ta hau kanta ta yi ta sulɓi. Idan duka huɗun girmansu ɗaya ne kuma, za ka iya mayar da na baya gaba kowace shekara su cinye tare.

Game da birki, kamfanin da kansa yana fitar da wannan motar da rim 18, amma ba kowane rim 18 na kasuwa ne yake wucewa ba, saboda siffar cikinsa. Ka sa su gwada guda ɗaya a gaba kafin su ɗaura masa taya. Kada ka je kusa da 17.

Sani Ɗan Fagge

Ni kuma hunturun bara sai da na sa rigar sanyi biyu da hular kunne kafin in fita sallar asuba, saboda haka ina neman Injiniya ya lissafa mini girman tayar sanyin da ya dace da Keke Napep ɗina.

Maman Hanifa

Yaya Abban Sadiƙ, an tsawwala maka. Muna Kalgari shekara tara, kuma maigidana ya haɗa rim da taya huɗu a kan dala 1,400, har yanzu muna kansu.

Abban Sadiƙ

Hajiya, wace mota ce, kuma wane girma?

Maman Hanifa

Toyota Corolla ce, rim 16 na ƙarfe.

Mukhtar Sharaɗa

To ai ba tafiyarsu ɗaya ba. Ni a Otawa na biya dala 3,600 a wurin dila a kan motar da ba ta kai tasa ba, domin tayar da ake iya tafiya da ita ko ta sace na saya, kasancewar motar ba ta da safaya. Kuma in ja kunnenka: kada wani ya sayar maka da rim na tsohuwar 3 Series da sunan araha. Tsohuwar ƙirar ramukan notinta 5x120 ne, wato ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 120, taka kuwa 5x112 ce, ko da addu'a ba zai shiga ba. Wani abokina ya yi wannan asarar.

Malam Garba Direba

Ku yi haƙuri in sa baki, domin wannan kalmar ta tayar sanyi idan na ji ta zuciyata tafasa take yi. Ni ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai a firiji, amma tayar sanyi ta kusa kashe ni a hanyar Zariya.

Shekara uku da suka wuce ina tuƙa wani maigida, motarsa Mercedes ce mai ƙarfi, irin wadda idan ka taɓa totur sai ka ji bayanka ya manne da kujera. Tayoyinta suka suɗe, ya ba ni kuɗi in canza, ni kuma na ga idan na sayi 'yan Beljiyam zan rage masa kashe kuɗi ya yaba mini. Mai shagon ya mirgino mini guda huɗu, baƙaƙe wuluk an shafe su da mai, zanensu mai zurfi, kowane haƙori da ƙananan tsagogi kamar an yi masa zane da reza. Na danna da babban yatsa na ji robar tana da laushi, sai ya ce wannan laushin shi ne alamar asali. A gefe akwai hoton dutse mai kai uku da wata fulawa a ciki, na tambaye shi, ya ce tambarin kamfani ne. Wallahi haka ya ce mini.

Cikin watan Afrilu, ana tsakiyar zafi, muka tashi zuwa Kaduna bayan azahar. Mun wuce Kwanar Dangora kaɗan sai na ji ƙara kamar harbin bindiga, tayar baya ta dama ta tarwatse. Allah ya sa ban taka birki ba, na riƙe sitiyari da hannu biyu har motar ta gama rawarta ta sauka gefen titi. Rim ya tsage, bamba ta yage, robar tayar kuwa da na taɓa sai da na janye hannuna saboda zafi. Maigida bai ce mini komai ba a hanya, amma da muka dawo ya kira makanikensa, shi ne ya nuna masa cewa fulawar nan alamar dusar ƙanƙara ce, an yi tayar don ƙasar sanyi. A satin aka sallame ni bayan shekara bakwai ina aiki a gidan. Da na koma wurin mai shagon cewa ya yi taya ba ta da garanti, ƙaddara ce. Saboda haka ni shawarata ga ɗan uwanmu, ya nisanci duk tayar da take da wannan hoton.

Injiniya Habibu

Malam Garba, Allah ya ƙara kiyayewa, kuma Allah ya musanya maka da mafi alheri. Sai dai shi Abban Sadiƙ wannan hoton shi ne ainihin abin da ake so ya nema, domin shi ne shaidar cewa an gwada tayar a kan dusar ƙanƙara, kuma a Jamus ma tun Oktoban 2024 tayar da ba ta da shi ba a lissafa ta a tayar sanyi ko da an rubuta mata M+S, wato alamar laka da dusar ƙanƙara. Laushin da ka ji da gangan aka yi shi, saboda robar tayar bazara tana fara ƙandarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. A kwaltar Afrilu kuwa wannan laushin yana sa ta saurin cinyewa da tsawaita birki. Amma ina zargin tsufa da ƙarancin iska sun fi laushin laifi a abin da ya same ka. Ka duba shekarar da aka ƙera ta?

Malam Garba Direba

Ban duba ba, kuma ban ga amfanin tambayar ba yanzu. Ni ne na riƙe sitiyarin, ba lissafi ba.

Usaini Mai Faci

Malam Garba ya fi kowa gaskiya a nan. Shekara ashirin da bakwai ina cire taya ina mayarwa a bakin titin Katsina, kuma abin da hannuna ya taɓa Injiniya bai karanta rabinsa ba. Irin tayar nan ina ganinta kullum, wata uku take yi gefenta ya fara fitar da ƙulu. Masu zuwa Turai su dawo suna yi mana lissafin milimita su riƙa tambayar mu tukuna.

Mukhtar Sharaɗa

Baba Usaini, ba wanda ya raina hannunka, amma mutumin nan Montiriyal zai tuƙa mota cikin Janairu, inda sanyi yake kai digiri 20 ƙasa da sifili. A wannan tambayar wanda ya taɓa taka birki a kan titin da ya daskare ya ji motar ta ci gaba da tafiya shi ya kamata a saurara.

Usaini Mai Faci

To ya tambayi mutanen can mana, me ya kawo shi wurinmu?

Sani Ɗan Fagge

Baba, ya zo ne domin a can shawara ma sai an biya dala.

Hajiya Bilki Zoo Road

Ni labarin Malam Garba ne ya tayar mini da hankali, domin yanzu na fita da fitilar waya na duba motata, kuma biyu daga cikin tayoyina suna da wannan dutsen da fulawar. A watan jiya na saye su naira dubu arba'in da biyar kowace ɗaya, aka ce mini sababbin shigowa ne.

Alhaji Ɗanlami Mai Motoci

Hajiya, an cuce ki. Dubu ashirin da takwas yarana suke ɗauko irinsu a Ƙofar Ruwa.

Usaini Mai Faci

Alhaji, wannan farashin na bara ne, ko kuma wadda aka yi wa faci uku a ciki. Mai kyau ba ta kasa hamsin yanzu.

Injiniya Habibu

Hajiya, ki nemi inda aka rubuta DOT a gefen tayar, lambobi huɗun ƙarshe su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 3517 na nufin mako na 35 na 2017. Dalilin da ya sa suke cika mana kasuwa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Tayar sanyi takan zo da zane mai zurfin milimita 8 ko fiye, kuma Bature yana cire ta idan ya sauka zuwa 4, domin daga nan ba ta kama dusar ƙanƙara sosai, a Ostiriya ma doka ba ta lissafa ta a tayar sanyi ƙasa da haka. Abin da ya zama shara a can idan ya iso nan sai ya fi kowace tsohuwar taya kyan gani, mai saye kuma zurfin zane yake dubawa. Abin takaicin shi ne tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su Najeriya, amma ga su nan jibge a bakin kowane titi.

Malam Garba Direba

Haramcin a takarda yake. Talaka ba shi da kuɗin sabuwa, mai shago ya san haka, kuma idan ta fashe direba ake kora. A gaya mini wanda aka taɓa kamawa saboda ya sayar da tayar ƙanƙara a garin da kwalta take narkewa.

Hajiya Bilki Zoo Road

Na duba, ɗaya 4116 ce, ɗayar kuma an kankare wurin lambar har ya yi fari. Gobe zan koma shagon da ƙanina.

Abban Sadiƙ

Na gode muku duka, Malam Garba kuma Allah ya buɗa wata ƙofar. Na karkata ga rim 18, amma har yanzu ban ji wanda ya sa shi a kan wannan birkin da hannunsa ba, kuma ban san ko in ɗauki taya mai tsananin kama ƙanƙara irin Blizzak ko X-Ice ba, ko kuwa irin Pilot Alpin da aka yi wa motoci masu gudu. Shagon ya ce in ba su amsa kafin Juma'a, domin layin masu canza taya yana cika a Nuwamba.

Usaini Mai Faci

Hajiya, kada ki je da ƙaninki kaɗai, ki biyo ta wurina da safe in cire miki su mu tafi da su a hannu, domin idan suna jikin mota cewa zai yi ke kika kankare lambar. Kuma ki zo da rasit idan ya ba ki.

Hajiya Bilki Zoo Road

Bai ba ni rasit ba, Baba.