Neman shawara: hawa babur mai taya huɗu a Zanzibar, ni da amarya

Angon Bayan Sallah:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarar waɗanda suka taɓa zuwa Zanzibar nake nema. In Allah ya kai mu za a ɗaura min aure bayan ƙaramar sallah, kuma mun shirya mu je can mu yi kwana shida a watan Afrilu. Masaukin da nake magana da su yana Kiwengwa, a gabar arewa maso gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar. Cikin abubuwan da suka turo min har da yawon babur ɗin nan mai taya huɗu da suke kira kwad. Ɗan jagora a gaba, baƙi a jere a bayansa, a kutsa gonaki da ƙauyuka har awa uku zuwa huɗu. Sun ce dala 130 babur ɗaya, mutum biyu.

Ita ce ta ga bidiyon ta kafe sai mun hau. Ni tuƙin bai dame ni ba, tun ina ƙaramin yaro nake kan babur, har acaɓa na yi shekara biyu a Zariya lokacin ina ɗalibi. Abin da nake son sani: kuɗin ya yi daidai ko tsuga min suka yi? Lasina na Najeriya zai wadatar? Sannan mace mai abaya da hijabi za ta iya hawa ba tare da matsala ba? Allah ya saka da alheri.

Ɗan Kantin Kwari:
Wa alaikumus salam. Ango ka sha ƙamshi! Allah ya sanya alheri. Na je bara, na hau, kuma wallahi na more. Babu kuloci, babu canjin giya, totur ɗin ma ɗan harshe ne a ƙarƙashin babban yatsanka na dama, ka danna ya tafi, ka saki ya lafa. Ko yaro zai tuƙa. Mun bi ta gonakin shinkafa da rogo, muka tsaya ƙarƙashin wata ƙatuwar kuka, ka rantse a Bichi kake, sai dai kwakwa ta ko'ina. Aka fasa mana ɗanyar kwakwa muka sha. Batun kuɗi, masauki kan ɗora nasu kason, in ka nemi masu baburan kai tsaye za ka samu ragi. Amma kada ka ba samarin bakin teku kuɗinka. Papasi mutanen garin suke ce musu, wato kaska, sunan kaɗai ya ishe ka bayani. Ka tafi da sababbin takardun dala, tsofaffi ba sa karɓuwa a wurare da yawa.

Makanikin Panteka:
Ango, Allah ya ba da zaman lafiya. Ni duk a cikin rubutunka babu abin da ya tayar min da hankali irin inda ka ce tuƙin bai dame ka ba don ka yi acaɓa. Kama da wane ba ta wane. Na gyara irin waɗannan injuna, na hau su, kuma wanda bai taɓa riƙe kan babur ba ya fi tsohon ɗan acaɓa saurin koyonsu, domin shi ba shi da wata ɗabi'a da zai fara yakicewa.

Ka duba. Babur mai taya biyu kwanciya yake yi a kwana, jikinka da nasa ku karkata tare, kan ma da ƙyar kake murɗa shi. Wannan ba ya kwanciya. Sai ka murɗa kan da ƙarfin damtse, kai kuma ka zame da nauyinka zuwa cikin kwanar. Ka shige ta da gudu kana zaune ƙiƙam, tayoyin ciki su ɗaga sama, abin ya kife. Kuma ba roba-roba ba ce da za ka ture da ƙafa ka miƙe kana kaɗe riga, manyansu na kai wa kilo 300, a kanka yake sauka.

Na biyu, kuma shi na fi ji maka: ƙafa. Duk ɗan babur in ya ji zai faɗi, kafin ya yi tunani ƙafarsa ta dire ƙasa. A kan kwad tayar baya tana nan daf da diddigenka. Ka sauke ƙafa yana tafiya, ta bi ta kai. Ƙafarka ta zauna a matakinta ko me ya faru.

Shi kansa totur ɗin da Alhaji ke yabo yana da nasa sharrin. Kun shiga gargada, ka ƙanƙame kan don tsoro, babban yatsa ya danna ba da saninka ba, sai ka ji ka a bayan na gabanka. Ka bar tazara mai yawa. In kun zo tudu ka hau shi miƙe, ka sauka miƙe, kada ka yanka shi ta gefe.

Sannan ka ce su turo maka hoton ainihin babur ɗin da za su ba ku. Akwai wanda aka ƙera don mutum biyu, ya fi tsawo, yana da kujerar baya da majingina da wurin riƙo. Akwai na mutum ɗaya da ake ɗora wa matashi a kan kariya a ce ya zama na biyu. In irin na biyun ne, kada ka ɗora 'yar mutane a kai.

Ɗan Kantin Kwari:
Haba Malam, ka sa ango zai fasa! A jere fa ake tafiya, ɗan jagora ba ya barin kowa ya wuce shi. Mu goma muka fita, mu goma muka dawo.

Makanikin Panteka:
Alhaji, ban ce ya fasa ba. Kai da ka hau, kana da amarya a baya tana ɗaukar bidiyo, ga Turawa suna kallo? Ango ne fa, kuma tsohon ɗan acaɓa. Ni na san abin da zuciya ke raya wa mutum in ya ga fili.

Hajiya Mai Atamfa:
Ɗana, Allah ya sa albarka a auren, ya kawo zuri'a ɗayyiba. Ka miƙa wa amaryar wannan ta karanta da kanta.

'Yata, ki ajiye abaya da dogon mayafi a ɗaki ranar. Na je da autata shekara biyu da suka wuce, ita ta hau bayan yayanta, ni ina wani babur ɗin tare da ɗan jagora. Mayafinta irin mai santsin nan ne, iska ta zare shi, bakinsa ya sauka ya naɗe a ƙarfen tayar baya. Allah ya taimaka ba ta zagaya shi a wuya ba, yafawa kawai ta yi, sai ya fizge ya bar ta. Da muka tsaya muka warware shi, tsumma muka ciro. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Kuma masu baburan suna kallonta ta hau a haka, babu wanda ya ce uffan.

Abin da za ki sa: wando mai kauri har idon sawu, riga mai dogon hannu da ta sauko gwiwa, ƙaramin hijabi wanda za ki cusa bakinsa cikin riga, sannan hular kwano a kai. Suturarki ta cika, babu abin da ke lilo. Takalmi rufaffe, ban da silifas, don gefen injin da salansa zafi suke yi sosai. Kada ki yi ɗaurin gashi mai tudu, hular ba za ta zauna ba, hular da ba ta zauna ba kuwa ado ce kawai. Zoben gwal da awarwaro su ma su huta. Kayan da kika san ba za ki yi kukansu ba su za ki sa, domin yadda kika fita ba haka za ki dawo ba.

Kada ki ji komai game da shigarki, garin Musulmi ne, matansu da baƙar abaya da suke kira buibui da zannuwan kanga suke yawo. A ƙauyukan ma ke za su fi sakin jiki da ke fiye da masu gajeren wando.

Wata magana kuma ta tsakaninmu mata: in kin ji wani sauyi a jikinki kafin tafiyar, ko da zato ne, ki haƙura da babur ɗin nan. Jijjigar ba ta wasa ba ce.

Abu Sumayya:
Dala 130 don a sha ƙura na awa uku? A wannan marrar? Da Umara kuka tafi da ya fi muku.

Mai Kula da Zaure:
Malam Abu Sumayya, shawarar babur ya nema, ba ta yadda zai kashe kuɗinsa ba. A ci gaba.

Ɗalibi a Darussalam:
Yaya, ina taya murna. Shekarata ta uku ke nan ina karatu a Tanzaniya, kuma nakan tsallaka Unguja da jirgin ruwa in an yi hutu. Kowa na maganar ƙura, amma ka ce Afrilu za ku zo. Afrilu tsakiyar masika ce, babbar daminarsu, daga Maris zuwa Mayu. Ba ƙura za ku sha ba, taɓo za ku kwasa. Jar ƙasar gonakin tsakiyar tsibirin santsi take yi in ta jiƙa, ɓangaren gabas kuma dutsen murjani ne mai kaifi, ruwa ya kwanta a kai ba ka ganin ramin da ke ƙasa. Wasu taɓon ne ma daɗin abin a wurinsu, amma ga wanda zai fara, da mutum a baya, ni ban so ba. In ranar tafiya ba ta gyaruwa, to kada ka biya tun daga gida. Ka bari sai kun iso, ka dubi sama, ka zaɓi fitar safe. In tana gyaruwa, daga Yuni zuwa Oktoba rani ne, ga iska mai sanyi.

Lasinka na Najeriya ka zo da shi, amma shi kaɗai bai isa ba. Zanzibar na da takardar izinin tuƙi ta wucin gadi da baƙo ke karɓa, masu ba da hayar ne kan yi maka ita da hoton lasinka, kuɗinta kaɗan ne. Ka tambaye su ko tana cikin dala 130 ɗin, domin kafin ku shiga daji sai kun ɗan taɓa kwalta, kuma akwai 'yan sanda a hanya. A kwaltar nan ka tuna hannun hagu ake bi, ba dama irin na gida ba.

Sai agogo. In ɗan gari ya ce maka "saa tatu", kada ka ɗauka ƙarfe uku yake nufi. Su daga ƙarfe shida na safe suke fara ƙirga awa, saboda haka saa tatu ƙarfe tara ne. Ka sa a rubuta maka lokacin da lamba. Kuma suna gaban Najeriya da awa biyu.

Abin da ni ya fi damuna da yawon nan shi ne yadda ake ratsa ƙauyuka. Gidajen mutane ne, ga yara a bakin hanya, ga kaji da awaki, sai jerin babura goma su keto da ƙara. Ka ɗauka ƙauyenku ne aka yi wa haka. Ka rage gudu tun kafin a ce maka, ka yi sallama, dattijo ka ce masa "shikamoo" zai amsa da "marahaba". Kada a ɗauki hoton mace ko yaro sai an tambaya. Masu watsa wa yara alawa daga kan babur su ne suka koya musu rugowa gaban taya, kada ku shiga sahunsu. In kuna son alheri ku sayi kanumfari ko kirfa ko masoro a hannun masu gonar.

Af, biza fa? Fasfon Najeriya ba a buga masa a filin jirgi, yana cikin waɗanda sai an tura takardunsu an tantance. Hukumar shige da ficensu na cewa a nema aƙalla wata biyu kafin tafiya.

Angon Bayan Sallah:
Biza mun nema tun watan jiya, muna jira. Amma batun damina wallahi ban sani ba, shi ya sa ashe masaukin ya yi araha!

Lauyar Zaure:
Ango, kafin a ba ka makulli za a miƙo maka takarda ka sa hannu, yawanci ana tsaye ana jiranka. Ka ce a turo maka ita ta WhatsApp tun kwana ɗaya kafin nan. Wuri biyu za ka duba: wa zai biya in babur ya lalace, kuma har nawa. In babu iyaka a rubuce, fashewar fitila ɗaya na iya cin kuɗin tsarabarku. Ka zagaya babur ɗin da bidiyo a gabansu kafin ka hau, ka matsa birki ka ji, ka duba igiyar hular kwano tana ɗauruwa. Kuɗin ajiya a ba ka rasit, fasfo kuwa kada ka bar wa kowa jingina.

Tun 1 ga Oktoba 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorar gwamnatinsu, dala 44 kowane mutum, tana aiki har kwana 92. Kada ka ɗauka da ka biya ta shi ke nan. Inshorar tafiya da yawa na cire wasannin kasada, kwad kuma kan faɗo a cikinsu, sai ka karanta wurin da aka jero abubuwan da ba a biya. Ka kuma san cewa daga Kiwengwa zuwa cikin birnin Zanzibar, inda babban asibitin Mnazi Mmoja yake, tafiyar kusan awa guda ce a mota. Ka tambayi ɗan jagora me suke yi in wani ya ji rauni a daji. Yadda zai amsa maka zai nuna maka irin mutanen da kake hulɗa da su.

Angon Bayan Sallah:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, ranki ya daɗe, na tura mata ta karanta, ta ce a gaishe ki, mayafi kuma ya sha hutu. Sai dai an samu sabuwar magana. Da ta karanta bayanin Malam Makaniki, cewa ta yi tunda wanda bai iya babur ba ya fi saurin koyo, to ita za ta tuƙa, ni in zauna a baya. Tana da lasin mota.

Makanikin Panteka:
To ai ta fi ka hujja. Sai dai nauyi: in ka fi ta jiki sosai, zamanka a baya zai sa gaban ya yi sakayau a hawan tudu, kuma murɗa kan na son ƙarfi. Ku karɓi biyu kowa da nasa, ita a bayan ɗan jagora, kai a bayanta. Ko ka tambaya ko suna da bagi, wato mai sitiyari da bel da ƙarfen kariya a sama, ku zauna gefe da gefe.

Ɗan Kantin Kwari:
Babur biyu kuɗi biyu ke nan, ango. Ka ce su yi maka 200 duka, lokacin ruwa ne, ba su da baƙi.

Hajiya Mai Atamfa:
Ka bar ta ta tuƙa, ɗana. Kai dai ka riƙe mata waya.