Tafin ƙafar ɗana a shimfiɗe yake, wa ya taɓa aunawa?

Maman 'yan biyu: Salam jama'a. Ɗaya cikin yaran nan nawa shekararsa 3, in ya taka ƙasa da jiƙaƙƙiyar ƙafa sawun ya kan fito cif kamar an manna, babu ɗan ramin nan na tsakiya, alhali ɗan uwansa nasa ya fara lotsawa. Surukata ta ce in saya masa takalmin gyaran ƙafa. Don Allah wanda ya san abin ya ce wani abu.

Baban Yarinya: Hajiya kwantar da hankalinki, haka tawa ta yi. Likitan ƙashi ya sa ta yi ɗage, tana tsayawa kan yatsu sai ga ramin ya bayyana, ya kuma ɗaga babban yatsanta sama, ramin ya sake fitowa. Ya ce ai wannan mai laushi ce, kitsen tafin ƙafar jarirai ne bai gama zubewa ba. Bai ba mu ko kwayar magani ba.

Anti Nas: 'Yar uwa, jarirai duka da shimfiɗaɗɗiyar ƙafa ake haihuwarsu, ramin yana fitowa ne a hankali, yawanci zuwa shekara 6, wasu har 10. Wani bincike a Ostiriya a 2006 ya samu kashi 54 na 'yan shekara 3 haka suke, a 'yan shekara 6 kuma ya sauko 24. A gida ki shafa masa ruwa ya taka kwali, ki zagaye sawun da biro kafin ya bushe, ki auna faɗin tsakiya da rula ki raba da faɗin diddige, lissafin wani likitan ƙashin yara mai suna Staheli ke nan, ki rubuta kwanan wata ki ajiye, bayan wata shida ki sake ki kwatanta. Takalmin gyara kuwa an gwada shi tun 1989, bai canza komai ba ga irin wannan.

Uwar gida: Ni dai ku lura da ciwo. Nawa yana shekara 11 ya fara kukan idon sawu in ya yi gudu, ko ya yi ɗage tafin a sandare, hoton ƙashi ya nuna ƙasusuwa biyu ne suka haɗe.

Maman 'yan biyu: Yanzu na sa shi ya miƙa hannu ya ɗauko abu a kan tebur, da ya yi ɗage wallahi ramin ya fito. To ita surukar fa, ya zan yi da ita?