Waƙar da na koya a ɗakin kakata ta biya mini kuɗin shayi a Indiya

Ɗan Tudun Wada:
Salamu alaikum. Na dawo hutu Zariya daga Haidarabad, inda nake karatun harhaɗa magunguna. Wata rana ina zaune wajen wani tsoho mai shayi kusa da Charminar, tsohon gini mai hasumiya huɗu, rediyonsa ya sako tsohuwar waƙar Mohammed Rafi, mawaƙin finafinan Indiya, sai na ji bakina yana bi. Tsohon ya ajiye buta ya zuba mini ido, ya ce jikokinsa ma ba su san waƙar ba, ni a ina na samo ta? Na ce a kaset ɗin kakata. Rantsuwa ya yi ba zai karɓi kuɗina ba.

Sai dai Indiyancin da nake taƙama da shi bai kai ni ko'ina ba. Yaren jihar Telugu ne, Musulmin tsohon gari kuma Urdu suke yi. Kalmomin da muka yi tarayya ta Larabci su suka rufa mini asiri: duniya, dua, waqt da muke ce wa lokaci. Tambayata ga manya, ta yaya waƙar Bombay ta shiga ɗakin tsohuwar da ba ta taɓa wuce Kaduna ba?

Malam na Samaru:
Wa alaikumus salam, yaro, ka sosa mini inda yake ƙaiƙayi. Kwarori masu gidajen silima ne suka fara kawo finafinan tun shekarun 1950. Mu a Sabon Gari muke kallo, silima ba rufi, sai an yi isha'i ake farawa, in hadari ya taso kowa ya yi ta kansa. Ba ma jin yaren, amma mun ga mace da mayafi, mun ga uba ya hana 'yarsa wanda take so, mun ga ɗa ya durƙusa wa uwa. Wa zai fassara mana abin da ke faruwa a gidajenmu? Har suna muka raɗa musu: Dharmendra Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin. Ita Hajiya kakarka ba silima ta je ba, matar aure ba ta zuwa. Rediyo da talabijin da kaset suka kai mata har ɗaka.

Maman Ilham:
Baba Malam ya faɗi gaskiya, amma ni fim ya yaudare ni. Na yi wata uku a Delhi ina jinyar maigida, ban ga furanni da duwatsun nan ba, sai hayaƙi da cunkoso da kallon da ake bin baƙar fata da shi. Abu ɗaya ya sanyaya mini rai, wata mai shara ta ga lallen hannuna ta kama tana juyawa, wai mehndi.

Na Kwangila:
Yaya, ai kana tsakiyar harka ba ka sani ba. Da yawa daga finafinan faɗa da Algaita ke fassarawa na kudu ne, Telugu da Tamil. Ramoji Film City ma, katafaren wurin shirya finafinai, a bayan garinku na Haidarabad yake. Ka je kuwa?

Ɗan Tudun Wada:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Na Kwangila, ban je ba tukuna, kuɗin shiga ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Jiya na ba Hajiya labarin mai shayin, ta ce in na koma in tafi masa da kilishi.