Gadar Loko da Masu Fito: Musayar Baitoci

Maudu'in makon nan shi ne gadar Loko zuwa Oweto, wadda ta haɗe jihohin Nasarawa da Binuwai, aka ƙaddamar da ita a 2023. Amsa-amo "wa" ne. Bisimillah.

Ɗan Fito:
Da sunan Allah nake farawa,
Fito na gada, gonarmu ruwa,
Kakana da gora yake tuƙawa,
Na ci bashin inji, ya ƙi biyuwa,
Fasinja ta samanmu suke wucewa.

Direba:
Baba, haƙuri, gaskiya ba ta ɓoyuwa,
Da can ta Makurɗi muke zagayawa,
Ko ta Lokoja, mai na ta ƙonewa,
Lemon Binuwai a buhu na ruɓewa,
Yau da sauran rana muke saukewa.

Inna Mai Banda:
Ɗana direba, ribarka kake ƙirgawa,
Mu jiran jirgi ne ke ciyarwa,
Mai jira ya ci kifi, ya sha kunun tsamiya kuwa,
Ya sai wa iyali tsarabar komawa,
Ɗan dako ya samu, mai shayi na dafawa,
Yau ko birki ba ku takawa,
Bandata na kan tire, ƙura na rufewa.

Ungozoma:
Inna, na ji, amma ina tunawa,
Mai naƙuda cikin dare, kogi na tumbatsawa,
Babu matuƙin da ke yarda da ƙetarawa,
Ni dai gadar nan ba ni kushewa.

Malamin Makaranta:
Loko tashar fatake ce tun zamanin Turawa,
Jiragen kamfani nan suke tsayawa,
Ruwan ne ya raya garin, kar a yi mantuwa.

Ɗan Fito:
Ungozoma, ban ce a rushe ba, Allah ya kiyaye faruwa,
Matata ma ta kan gadar take zuwa dubawa,
Mai gona in hanya ta bi, ana aunawa,
Hanyar ruwa fa, wa ke mata ƙimantawa?
Babban ɗana acaɓa yake ta bugawa,
Ƙaramin yashi yake ɗebowa yana sayarwa,
Ƙauyukan gaɓa da mota ba ta shigowa,
Su suka rage mana, ran kasuwa,
Doya da manja muke ɗaukowa,
Direba, ka sauko gaɓa mu yi lodawa,
Kuɗin buhu kuma ba ragi, nake faɗawa.

Direba:
Zan sauko, Baba, in gangaren na biyuwa,
Inna, ajiye mini kifin dubu, ina tahowa.