Malamar ɗana ta ce mu koma yi masa Turanci a gida

Maman Sadik:
Assalamu alaikum. Don Allah ku ba ni shawara. Ɗana yana da shekara uku da rabi. Ni Hausa nake yi masa, babansa Fulatanci, makaranta kuma Turanci zalla. An yi musu gwajin magana, malamarsu ta kira ni ta ce yana baya. Wai hotuna aka nuna masa, da yawa ya yi shiru. Da aka zo kan saniya ya faɗi sunanta da Fulatanci, aka rubuta bai sani ba. Ta ce mu koma Turanci a gida har bakinsa ya buɗe.

Yaron nan kuwa a gida ba ya rufe baki. Yana tashi daga barci zai riƙe min zani yana ba ni labarin mafarkinsa. Sai dai yakan fara jimla da Hausa ya ƙarasa da Turanci. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Mu ne muka rikita shi?

Anti Rabi:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ba ku rikita shi ba. Turancinsa kawai aka auna, shi kuwa harsuna uku ne a kansa. Yaro irin wannan ana haɗa kalmomin da ya sani a duk harsunan ne a ƙirga. Tun 1993 wata mai binciken harshen yara, Barbara Pearson, da abokan aikinta suka bibiyi yaran birnin Miami na Amurka masu Sifaniyanci da Turanci, suka ga in an haɗa kalmominsu ba sa kasa masu harshe ɗaya. Cakuɗa harsuna kuma ai mu manya ma kullum muna yi, a bakinmu ya ji.

Abin da za ki lura da shi: matsalar magana ta gaske ba ta zaɓar harshe, a dukkansu take bayyana. Yana haɗa jimla mai kalmomi uku ko huɗu da Hausa? In kin ce ya ɗauko takalminsa ya kai ɗaki, yana yi? Baƙo yana gane mafi yawan maganarsa? In haka ne, Turancin lokaci yake nema. Turancin hira kaɗai yakan ɗauki yaro kamar shekara biyu.

Abu Hanifa:
Ni dai Hajiya, kada ki watsar da maganar malamar gaba ɗaya. Kusan kashi 7 cikin 100 na yara suna da matsalar koyon harshe, kuma sau da yawa ana makara wajen ganowa don an ce ai yaruka ne suka yi masa yawa. A fara da gwajin ji. 'Yata ruwa ne ya taru mata a bayan dodon kunne, ba zazzaɓi ba kuka, sai dai ka kira ta sau biyu kafin ta waiga. Idan za a sake gwajin, ki nemi a yi da tafinta, a tambaye shi da Hausa da Fulatanci.

Maman Sadik:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Duk abin da Anti Rabi ta lissafa yana yi. Zan kai shi a duba kunnen, in kuma ɗauki bidiyon hirarsa da babansa in nuna wa malamar. Hausa kam ba zan daina yi masa ba, da ita yake magana da kakarsa.