Masu duba gidan raino za su zo mini karon farko a Aboabo: me suka fi sa wa ido?

Maman Ihsan:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Zan buɗe gidan rainon yara a unguwar Aboabo da ke Kumasi, ɗaki biyu da baranda a gidan haya. Yara 14 aka yi mini alkawari, yawancinsu 'ya'yan mata masu sana'a a kasuwar Kejetia da ta Asawase: 4 ba su kai shekara biyu ba, 6 'yan shekara biyu, 4 'yan shekara uku. Ni da ƙanwata za mu riƙe su. Na kai takardar neman izini ofishin Soshal Welfeya (jin daɗin jama'a) na Asokore Mampong, sun ce in saurari zuwan masu dubawa. Ba na so a ce da ƙyar na tsallake, so nake rahoton ya fito fes tun zuwan farko. An yi fenti, an zana haruffa a bango, na sayi kujerun roba. Yayata da ke Ingila kuwa kullum maganar Ofsted, masu duba makarantu da gidajen raino a can, take yi mini har ta ruɗa ni. Me ya rage?

Hajiya Magajiya:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya sa albarka. Ajiye maganar Ofsted gefe, hukumar Ingila ce, dokarta ba ta aiki a Kumasi. Abin da ya hau kanki shi ne Dokar Yara ta 1998, mai lamba 560, daga sashe na 115. Ita ta ce sai an duba wuri kafin a ba da izini, bayan nan kuma a riƙa duba gidan da littattafansa da lissafin kuɗinsa aƙalla sau ɗaya duk wata shida, a kai wa Asambili, wato ƙaramar hukuma, rahoto. In suka ga gazawa suna iya dakatar da izinin, su ba ki wa'adin gyara, in ba ki gyara ba su soke shi. Saboda haka kada ki karɓi yaro ko ɗaya kafin izinin ya fito, ko da iyaye sun matsa miki.

Ki lura dokar ta ambaci littattafai, kuma nan mutanenmu suka fi faɗuwa. Nemi babban fayil guda ki jera takardar rajistar sana'a, da izinin gudanar da sana'a na Asambili, da takardar 'yan kwana-kwana, da takardar gwajin lafiya ta duk wanda zai taɓa abincin yara, da yarjejeniyar haya. A yarjejeniyar nan a rubuta ƙarara cewa mai gida ya san raino za a yi, ya sa hannu. Alkawarin baki ba ya shiga fayil.

Kowane yaro da nasa shafin: cikakken suna, ranar haihuwa, hoton takardar haihuwa, hoton shafin rigakafi na littafin awo, lambar inshorar lafiya ta NHIS, lambar waya biyu ta mutum biyu dabam, abin da jikinsa ba ya so na ci ko magani, da sunayen waɗanda aka yarda su ɗauke shi. Wannan na ƙarshen ki riƙe shi da ƙarfi. A Zango kowa kawun kowa ne, gobe wani zai zo ya ce uwar ce ta aiko shi. In sunansa ba ya takarda, sai kin ji muryar uwar a waya, ki rubuta lokacin.

Sai rajistar zuwa da tafiya mai ɗauke da lokaci da sa hannu, da littafin rauni, da littafin magani, da na kuɗi mai rasit. Ki ja musu layi tun yanzu, su gan su a shirye.

Abu ɗaya kuma: ranar da kika buɗe ajin KG na 'yan shekara 4 da 5, kin shiga hannun NaSIA, hukumar duba makarantu ta ƙasa, da dokar 2020 mai lamba 1023, lasisinsu dabam ne. Kada ki rubuta KG a allon ƙofa alhali ba ki da shi.

Baban Sadik:
Hajiya ta gama da takardu. Ni gidan zan yi magana a kai, ƙanwata, don fenti shi ne abu na ƙarshe da zai hana yaro rauni.

Ki durƙusa da gwiwa ki zagaya ɗakunan da tsakar gida, ki ga abin da ɗan shekara biyu yake gani. Duk abin da hannunki ya kai a haka, nasa ma zai kai. Za ki tarar da soket a buɗe, wayar fanka a ƙasa, ƙusa a jikin ƙofa, bakin kwata. Soket a toshe shi ko a ɗaga shi sama, kabad mai tsayi a ɗaure shi da bango, fankar tsaye a fitar da ita.

Ruwa ya fi komai ban tsoro a gidan haya. Yaro mai rarrafe kansa ya fi ƙafarsa nauyi, in ya leƙa bokiti ya kifa ba ya iya ɗagowa, kuma ba a jin ƙara. Duro da bokitin wanki da baho, ko dai a rufe su ruf da murfin da yaro ba ya iya ɗagawa, ko a kife su. Rijiya murfi da kwaɗo. Matsalar ita ce kayan maƙwabta ne, ba naki ba, ba ki da iko da kurfotin matar ɗakin kusa ko tukunyar da ta sauke. Maganinsa shinge: a kewaye barandarki da filin wasan da katako ko ƙarfe, tsawon mita ɗaya da ɗan ɗori, ratar sanduna kada ta wuce santimita 6, sakata ta can sama. In mai dubawa ya ga yara suna iya fita tsakar gidan kowa da kowa, duk kyan ɗakinki ya tashi a banza.

Kananzir, bilic, maganin sauro, maganin ɓera da sodar haɗa sabulu su shiga kabad mai makulli, cikin mazubinsu na asali. Zuba kananzir ko narkakkiyar soda a kwalbar lemo shi yake kai yara asibitin Komfo Anokye, don sodar kamar ruwa take a ido, kuma tana ƙone maƙogwaro.

Wuta: takardar 'yan kwana-kwana wata 12 take yi, a ƙarƙashin ƙa'idar L.I. 1724 ta 2003. Ki sa tukunyar kashe wuta mai hoda, ta kilo 6 ta wadatar da wuri irin naki, a rataye kusa da ƙofar fita, allurarta tana kan kore, takardar ranar dubawa a jikinta. Tukunyar gas a waje inda iska take, tiyonta ba tsagewa. Ƙofar fita kada a tare ta da katifu. Tagogin Aboabo duk ƙarfen ɓarawo ne, to ki tanadi amsar wannan tambayar: in wuta ta tashi a bakin ƙofa, ta ina za ki fitar da jarirai huɗu? Rubuta lambobin kiran gaggawa, 112 da 192 da 193, a bango da manyan lambobi.

Banɗaki kuma, na haya da kowa ke shiga bai dace da yara ba. Fo mai yawa, kowanne a wanke nan take, da bokitin Veronica biyu masu famfo, ɗaya a bakin wurin fo, ɗaya a wurin cin abinci, a kan gajeren benci da sabulu. Kada ki rataya tawul guda na kowa, shi ke yawo da zawo da ciwon ido.

Anti Nas:
Maman Ihsan, kafin komai, ku biyu ba ku isa yara 14 ba. Ki tambayi ofishin adadin yaran da suka yarda babba ɗaya ya riƙe, su nuna miki a rubuce. Amma tun da yayarki tana Ingila, ma'auninsu na gidajen raino yana da amfani wajen lissafi: babba ɗaya ga yara 3 'yan ƙasa da shekara biyu, ɗaya ga 5 'yan shekara biyu, ɗaya ga 8 'yan shekara uku. Ki auna naki da wannan ki gani. Ɗaya ta tafi canza ƙunzugu, ɗaya ta shiga girki, wa ke kallon sauran? Ko ki rage jarirai zuwa 3 ki ƙara mutum ɗaya, mai girki kuma dabam, ko ki fara da yara 8.

Ga abin da za a tambaye ki ta fannin lafiya, kuma ƙanwarki ma ta iya amsawa, don sau da yawa mataimakiya ake ja gefe.

Barci: jariri a kwantar da shi rigingine, kan katifa mai tauri, ba filo, ba tarin zannuwa. Kowane yaro da tabarmarsa ko katifarsa mai rigar leda da sunansa. Wani babba yana ɗakin muddin suna barci.

Nono da madara: nonon da uwa ta tatsa a rubuta suna da lokaci a kwalbar. A waje kada ya wuce awa 4, da zafin Kumasi ma gara ƙasa da haka, a firji kwana 4. Saboda dumso, wato ɗauke wuta, ki ajiye kula mai ƙanƙara a ciki. Madarar gwangwani a tafasa ruwa, a haɗa tun yana da zafin digiri 70, a huce kwalbar cikin ruwan sanyi, abin da ya kai awa 2 a zubar. Ba a jingina wa jariri kwalba a tafi.

Abinci: rubuta jadawalin mako a bango, kuma abin da ke tukunya ranar ya dace da shi. Koko zalla kullum ba abinci ba ne, a sa garin gyaɗa ko waken suya ko madara, da rana tuwo da miyar ayoyo da kifin da aka cire wa ƙaya, ko wake da shinkafa da ƙwai. Ba zuma ga wanda bai shekara ba. Ba gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, ba guguru, ba alewa mai tauri ga waɗannan shekarun gaba ɗaya. A zaune ake ci, kuma ba ɗure.

Bilic: duba ƙarfinsa a jikin kwalba. In kashi 5 cikin 100 ne, ma'auni 1 a ruwa 9 na wurin amai da kashi da jini, 1 a ruwa 49 na tebur da kayan wasa. In 3.5 ne, 1 a 6 da 1 a 34. Kullum a haɗa sabo, don ƙarfinsa yana tafiya in ya kwana. A fara wankewa da sabulu kafin a sa shi, in ba haka ba dattin ya cinye ƙarfinsa, kuma ba a gauraya shi da wani maganin wanki.

Akwatin taimakon gaggawa: ma'aunin zafi, safar hannu, filasta, bandeji, auduga, almakashi, ORS. Karanta ledar ORS kafin haɗawa, don yawan ruwan ya danganta da girman ledar. Zafi ya kai 37.5 a hammata, kira uwa, a kai asibiti a yi gwajin maleriya. Kada ki ba da maganin da uwa ba ta sa hannu a kansa ba, har farasitamol. Ba a sa man goge baki ko manja a ƙuna, ruwa mai sanyi ake kwarara mata minti 20.

Malama Rabi:
Duk gaskiya ne, amma ina ganin an cika wa baiwar Allah kai da kaya, an bar abin da ke bambanta wuri mai kyau da wanda ya wuce kawai. Masu dubawar nan ma'aikatan jin daɗin yara ne, za su tambaye ki yadda yini yake tafiya, in sun dawo bayan kin buɗe kuma yaran za su kalla. Yaro ba ya iya wasan kwaikwayo. In bai saba wanke hannu kafin ci ba, ranar ba zai nufi bokiti ba. In ana dukansa, da kin ɗaga hannu zai ƙifta ido ya noƙe. Bulala kada ta kwana a gidan, ko ta tsoratarwa.

Kujerun roba da allo ba su ne buƙatar ɗan shekara biyu ba. Ma'aikatar Jinsi da Yara ta fitar da mizanin kula da 'yan shekara 0 zuwa 3 a 2018, ki nemi kwafi a ofishin. Wasa da magana da motsa jiki ne ginshiƙinsa. Iyaye za su matsa miki a ba da aikin gida, ki yi musu bayani da haƙuri. Shimfiɗa tabarma, ki kasa ɗakin: nan gwangwanaye da murafu manya da ba sa shiga baki, can littattafan hoto, can ƙananan tukwane da ludayi. Kayan su sauko inda yaro zai ɗauka da kansa. Yi musu waƙa da tatsuniya da Hausa, a sa Twi da Turanci a kai a kai. Talabijin kuwa a bar wa falo.

Ki riƙe ɗan littafi, layi biyu a mako kan kowane yaro: ya fara tsayawa, ya haɗa kalma biyu, ba ya juyowa in an kira shi. Wannan na ƙarshen shi ne irin abin da ake gaya wa uwa da wuri a duba kunnensa.

Za su iya tambayarki: in yaro ya zo da tabon duka ko ƙuna da ba a yi bayaninsa ba fa? Amsa ita ce ki rubuta abin da kika gani da rana da lokaci, ki kai rahoto Soshal Welfeya, sashe na 17 na Dokar Yara ya wajabta haka, in abin ya yi tsanani DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a gida. Ba a kashe irin wannan a zauren mai unguwa.

Maman Ihsan:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan rage yaran. Hajiya, takardar 'yan kwana-kwana ba ta fito ba tukuna. In suka riga ta zuwa, in ce tana gida ko yaya? Kuma wasu sun ce in aro kayan wasa daga wata makaranta na ranar.

Hajiya Magajiya:
A'a 'yata, kada ki ce tana gida. Nuna musu rasit da kwafin takardar nema mai hatimi, ki faɗi ranar da aka ce ki koma. Duk abin da bai kammala ba ki rubuta shi a takarda guda da ranar da za ki gama, ki miƙa da kanki kafin su gano. Kayan aro kuma ki bar su, wata shida kamar gobe ne, za su dawo su tarar babu. Kafin su tafi ki roƙi su karanta miki gyare-gyaren da suka rubuta, ki kwafa a littafinki da wa'adin kowanne, in kin gama ki ɗauki hoto ki kai ofis da kanki.