Hoton ruwan Gurara yana fitowa fari fat

Tambaya: Jama'a, me ke sa ruwan Gurara, mai zubowa daga kan duwatsu a jihar Neja, ya fito fari fat a hoto? So nake ya yi laushi kamar auduga.

Amsa: Haske ne ya yi yawa, ɗan'uwa. Da rana tsaka kumfar ke ƙonewa a hoto, wato ta yi fari fat. Ka isa kafin ƙarfe 8 na safe, ka sa ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) 100, f/11 (faɗin kafar shigar haske), shota (tsawon lokacin da haske ke shiga) rubu'in daƙiƙa. In bai daina ba, ɗaura gilashin ND mai rage haske.

Amsa: Hannu ba ya riƙe rubu'in daƙiƙa, komai zai dusashe. Ɗora kyamarar kan maɗori mai ƙafa uku, ka jinkirta ɗauka da daƙiƙa 2, kada danna maɓalli ya girgiza ta.

Amsa: Malam, a Agusta ruwan jajur yake, feshinsa na jiƙa gilashin kyamara, sai ka riƙa gogewa da ƙyalle mai laushi. Duwatsun kuma akwai santsi. A Janairu ya fi tsabta, amma ya ragu sosai.